Inda Na Dasa Cibiyar Sakiusa

Ku matso kusa, ku da kuke karanta ni a waya, don abin da zan faɗa yau ko fasto ban faɗa wa ba. Sunana Unaisi, shekarata ashirin da bakwai. Kakata ce ta raine ni lokacin da mahaifiyata ke aikin otal a Nadi, shi ya sa ake cewa bakina na tsofaffi ne, in na kama zance sai shayi ya huce a kofi. Ku yi haƙuri da ni. Wanda zan aura sunansa Sakiusa, mai tsaron baya ne, yana buga wa wata ƙungiya ƙwallo a Brisbane. Asabar ɗin da ta wuce danginsa suka kawo tabua gidanmu, haƙorin nan na ƙaton kifin teku da ake neman aure da shi. Abin da na aikata ranar Alhamis kafin su zo, shi ne ya hana ni sukuni har yanzu.

Ni da Saki ƙauyenmu ɗaya, Nukusere, tafiyar awa biyu a bas daga Labasa. Sauran ƙauyuka zari-ruga suke yi, mu kuwa ƙwallon ƙafa, tun zamanin wani malamin makaranta Ba'indiye da ya kafa mana turakun raga a bakin teku. Mahaifin Saki, marigayi Jope, shi ya riƙe ragar garin shekara goma sha biyar. Saki ya fara ba takalmi a wannan fili, yana ɗan sha bakwai aka ɗauke shi ƙungiyar gunduma, ya riƙa kwana a ɗakin bayan shagon wani mai gyaran babur yana cin burodi da miyar wake. Daga nan ƙungiyar ƙasa, daga nan shekara uku a New Zealand yana ɗaukar akwatunan tuffa da safe yana atisaye da yamma, sannan Allah ya kai shi Ostireliya, inda ƙwallon kaɗai ke ciyar da shi.

Shekara goma sha biyu yana wasa, ƙwallo biyu kacal ya taɓa ci, ɗaya ma da ƙeya ya ci ta bai sani ba. Jan kati kuwa ba a taɓa ba shi ba. Taubashiyata Vasemaca kullum tsokanata take yi.

"Kowa na auren mai cin ƙwallo a ga sunansa a jarida, ke kin je kin ɗauko mai gadi."

"Mai gadi ai shi ake bar wa gida."

"To Allah ya sa kada ya sa kai ya watso ki waje ranar da kika zo da gudu."

Mahaifiyata, Nana muke ce mata, ita ba wasa take yi ba. Abin da ya tsaya mata a rai kansa ne. Kun san yadda muke da kai, ko na jariri ba ka dafawa, ko za ka ɗauki abu a saman kan mutum sai ka nemi gafara ka tafa hannu. To ga mutum aikinsa ke nan, ya miƙa kansa ga ƙwallo, ga gwiwar hannun baƙi, ga goshin wanda bai san sunansa ba. Hancinsa ya karye sau biyu, akwai ɗinki takwas a girarsa ta hagu, sau uku ana fitar da shi fili bai san ranar da ake ciki ba.

"Wanda ya sayar da kansa, me ya rage masa da zai ba 'yata?" Haka take cewa tana goga kwakwa, ba ta ko kallona.

Duk da haka da an daidaita, da ba don abin da ya fara a watan Mayu ba.

Wata ranar Talata da hantsi, ina jera kaya a kantin haɗin gwiwar ƙauye inda nake aiki, saƙonsa ya shigo.

"Una, ina kika ajiye?"

Na rubuta masa, "Ajiye me? Ni da ban taɓa taka Brisbane ba?"

Sai ya rubuto, "Ban sani ba. Share kawai."

Na yi dariya na manta. Washegari ya sake, kalmomin nan dai, ko harafi bai canza ba. Jibi ma haka. Wani lokacin in farka da safe in tarar da shi yana jirana a waya. In na tambaye shi sai ya ce bai tuna ya turo ba, har ya duba ya gani, ya turo mini fuskar dariya, wadda ni na san ba dariya yake yi ba.

Ranar Lahadi bayan coci muka yi kiran bidiyo. Ya jingina wayar a kan teburin kicin, yana sanye da rigar nan mai shuɗin furanni da na ɗinka masa, yana ba ni labarin wani ɗan gaba dogo da ya hana sakat jiya. Yana magana, hannunsa na jan durowa. Ya buɗe, ya laluba cikin cokula, ya rufe. Ya buɗe ta ƙasa. Ya ɗaga murfin tukunya. Ya buɗe firji ya cusa hannu bayan kwalabe. Muryarsa lafiya lau, har yana kwaikwayon yadda dogon ya faɗi, amma hannuwan kamar na wani ne daban da ya shigo gidan bincike.

"Saki, me kake nema?"

Ya tsaya, ya kalli hannunsa a cikin kwandon shara. Ya zare shi a hankali.

"Kaina ke ƙara, Una. Kamar in ka kara ƙwaryar kwakwa a kunne."

"Ka faɗa wa likitan ƙungiya?"

"In faɗa masa su ajiye ni a benci, ana saura wasa huɗu a kai wasan kusa da ƙarshe? Sun gwada ni bayan karon watan Afrilu, na ƙirga yatsu daidai."

Na so in ɓoye wa Nana, amma Vasemaca ta zo da wayarta ana tsakiyar tsinke ganyen gwaza, wai mu ga surukinmu a bidiyo. A wasan an bugo ƙwallo daga kwana, kowa ya yi tsalle, Saki kuwa ya juya wa ƙwallon baya. Ya tsaya yana kallon ƙasa a bayan ragarsu, yana share ciyawa da takalmi, kamar wanda zobensa ya faɗi. Ƙwallon ta wuce ta saman kafaɗarsa ta shiga. Vasemaca da kanta ta daina dariya.

Nana ta ajiye wuƙa. "Cibiyarsa yake nema."

Kowa a nan ya san yaron da aka yi sakaci da cibiyarsa, aka bari ta ɓace ba a binne ta a dasa kwakwa a kai ba, haka zai tashi yana lalube, ba ya zama wuri ɗaya, ba ya riƙe aiki, ba ya riƙe mace. Amma tun ana yara ake fara ganin wannan. Ba a taɓa jin ya kama ƙato ɗan shekara ashirin da tara ba.

"Ki faɗa masa ya zo da ƙafarsa ranar da za su kawo tabua," in ji Nana. "Ya zauna a kan tabarmata daga farkon jawabi har a shanye yangona, jiƙon saiwar nan da ake sha a taro. In hannunsa ya tashi lalube ko sau ɗaya, mu ma muna da tabua a akwati. Sai babanki ya ɗora namu a kan nasu, su koma da su biyun cikin mutunci, sun san ba a ba su ba."

Na kalli Tata, wato mahaifina. Tata bai taɓa yanke magana ba sai ya duba fuskar Nana, ranar ma bai saɓa ba.

Saki ya roƙi koci kwana uku, zai sauka Labasa ranar Juma'a, ya koma Litinin. Ni kuma na rasa inda zan sa kaina, sai na nufi ɗakin Bubu.

Bubu Melaia ita ce kakar tawa, kuma ita ce ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin garin nan. Idonta ya yi rauni, amma ba abin da ke wuce ta. Na same ta a ƙofar ɗaki tana saƙa tabarma, fuskarta na kallon gangare, can inda tsohon gari yake. Shekara shida ke nan da teku ta kore mu muka hawo tudu. Mun kwashe kwanon rufi, mun kwashe ƙararrawar coci, har ƙasusuwan kakanni mun tono mun sake binnewa a sama.

Na karanta mata saƙonnin. Ta ce in faɗa mata lokacin da kowanne ya shigo. Talata goma da rabi. Laraba sha ɗaya da minti ashirin. Alhamis sha biyu da 'yan mintuna.

"Ci gaba."

"Juma'a ƙarfe ɗaya."

"Ke ba 'yar bakin teku ba ce? Mene ne yake makara kusan awa guda kowace rana?"

Sai bakina ya faɗa da kansa. Cikar teku.

Bubu ta ja zaren kabarta ta ɗaure. "Ni na yanke masa cibiya, ranar wata Laraba, ana ruwa. Da ta faɗi na naɗe ta a ƙyalle na sa a ɓawon kawa irin na bakin teku, na ba uwarsa ta dasa a bayan ɗaki yadda ake yi. Jope ya karɓe. Ya ce ya gaji da tsayawa a raga ba kowa a gabansa, ga shi ya haifi mai tare masa. Ya kai ta bayan ragar da ke wajen teku, taku biyar daga turke, ya binne, ya dasa kwakwa a kai. Na ce masa, Jope, yaro ba tunkiya ba ne da za ka ɗaure shi a fili. Ya yi dariya. Ga shi kuwa, yaron bai taɓa son wani abu ba sai tsayawa a gaban raga."

"Bubu, to me ya canza?"

"Mun tuna da matattu, 'yar nan. Ba wanda ya tuna da cibiyoyin rayayyu. Na sauran suna bayan gidaje, can ciki, ruwa bai kai ba tukuna. Tasa ce a baki."

Na ce mata likitoci za su ce karo ne, dukan da kansa ya sha. Na karanta a waya, akwai 'yan ƙwallon da hakan ke samu, su riƙa mantuwa.

"Su ma gaskiyarsu. Ki kai shi wurinsu. Amma likita ba zai zo ya zauna a tabarmar uwarki ranar Asabar ba."

"Za a iya ɗauko ta?"

Ta ajiye saƙar. "Danginsa ya kamata su yi, da yangona, da addu'a. Uwarsa ta rasu, kawunsa kuma ya shiga sabon cocin nan da ke cewa zancen cibiya aikin shaiɗan ne. In ke za ki yi, ki saurare ni da kyau. Kada ki buɗe ɓawon. Ki haɗo da kwakwa mai tsiro daga bishiyar, ba wata ba. Sannan inda kika dasa, nan zuciyarsa za ta zauna. Ki yi tunani kafin ki kafa sanda. Makaranta na da sabon fili, da raga biyu. Ubansa abin da ya zaɓa masa ke nan, shi ma ya karɓa."

"Na ji, Bubu."

"Kin ji da kunne. Je ki."

Ranar Alhamis ruwa zai janye ƙarshe da misalin tara na safe. Na ce wa Nana zan je tsintar kawa, na ɗaura tsohon zanina mai ruwan ƙasa, na ɗauki kwando da sandar tono. Tun da muka tashi ban sake sauka tsohon gari ba, ba mai son zuwa.

Rana tarwai, amma wurin shiru kamar an toshe mini kunne. Ba zakara, ba kare, ba rediyo. Matakalan siminti suna nan a jere, kowanne yana hawa zuwa ƙofar da babu. Na wuce namu, na ga alamar ƙafata da na taka tun simintin na ɗanye, yanzu ƙaguwa ta yi rami a gefenta. Cikin coci yashi ya kai tagogi. Na kama kaina ina cewa a gafarta mini a hankali a ƙofar kowane gida, kamar masu shi na zaune.

Filin ƙwallon rabinsa ya zama laka mai ƙyalli. Ragar wajen gari ta faɗi. Ta wajen teku kuwa turakunta na tsaye, ƙananan kawa sun lulluɓe su har tsayin ƙuguna. Taku biyar a baya, ga bishiyar. Ta kwanta sosai, kanta na kallon ruwa, saiwoyinta a waje kamar gashin da aka tsefe. Duk cikar teku ruwa na shiga ƙarƙashinta yana wanke ƙasa yana fita.

Na durƙusa na zura hannu cikin saiwoyin. Sanyi. Na laluba, na laluba, sai na tuna hannun Saki a cikin durowa, na ga nawa yana yin irin motsin, sak. Na so in tashi in gudu. Daidai nan yatsuna suka taɓa shi. Ɓawon kawa ne kamar tafin hannun yaro, an naɗe shi da zaren kamun kifi, saiwa guda siririya ta riƙe shi, yana lilo. Da na ƙara kwana biyu da ban same shi ba.

Na yanke saiwar da farce. Wayata ta yi motsi a ƙullin zani, na kusa yar da abin.

"Una."

Saki ne, shi ke nan saƙon. Na tsaya da ɓawon a hannu ina kallon allon wayar, alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta fito.

"Wa ke nan?"

Na mayar da wayar ƙullin zani. Na tsinci kwakwa guda da ta faɗo ta yi tsiro mai ganye biyu, na sa su a kwando na rufe da ganye, na kama hanyar tudu ban waiwaya ba. Ban san dalili ba, amma duk tsawon hanyar kwandon na rungume shi a ƙirji, ban iya rataya shi a kafaɗa ba.

To ga inda nake so ku saurare ni, kada ku yi saurin yafe mini.

In ka hawo daga tsohon gari, hanyar makaranta ce farko a hannun dama. Daga mararrabar ana hango sabon filin, ciyawa kore shar, raga biyu farare. Yara na aji, ba kowa. Minti goma ya ishe ni. Na tsaya a wurin har inuwata ta gajarta.

Na ce wa kaina kansa nake tausayi. Na tuna ranar da aka fitar da shi daga fili a kan gadon majinyata a Suva idonsa a buɗe bai gane kowa ba. Na ce in na mayar da shi bayan raga, zai ci gaba da miƙa kan nan har ranar da zai kalle ni ya tambayi sunana. Wannan gaskiya ne, kuma shi nake faɗa wa kaina in abin ya taso mini. Amma akwai wata gaskiyar a ƙasanta. Shekara bakwai ina soyayya da waya. Shekara bakwai ina cin abincin Kirsimeti da hotonsa a jingine da kwalbar lemo. Na gaji da zama ta biyu a bayan wani farin layi. Ina son mutum a gida, wanda zan ce wa miƙo mini gishiri.

Na wuce mararrabar. Bayan kicin ɗinmu akwai wani lungu tsakanin tankin ruwa da bishiyar lemun tsami, inda tagar ɗakina ke kallo. Nan na kafa sanda. Na sa ɓawon, na rufe, na dasa kwakwar, na zuba ruwan tanki, na jawo busassun ganyen ayaba na kewaye yadda ba mai lura.

Ina wanke hannu saƙo ya shigo.

"Una, kaina ya yi shiru. Tsit. Har ina jin agogon bango."

Na zauna a kan dutsen wanki na yi kukan daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Da yamma Bubu ta kama hannuna ta shinshina. Ba ta tambaye ni ina ba. Ta dai saki hannun ta ce, "Ƙasar makaranta ja ce."

Tawa baƙa ce a ƙarƙashin farce.

Ranar Asabar tun da sassafe maza suka buɗe ramin gashi, ƙamshin alade da gwaza ya cika unguwa. Nana ta shimfiɗa tabarmin da ba a fito da su sai babban taro, masu bakin ulu ja da rawaya. Na sa riga da zani sababbi masu launin ruwan teku, Vasemaca ta shafe ni da man kwakwa har ina ƙyalli, ta soka mini fure a kunne.

"In mai gadin naki ya fara lalube, ki ce ƙuma ce a tabarma. Zan rantse na ga uku."

Suka shigo a sunkuye, kawunsa a gaba, suka zauna ta wajen ƙofa. Saki na bayansu da farar riga da zanen maza mai ruwan toka. Ya faɗa kaɗan. Ya harɗe ƙafa, ya ɗora tafukansa a gwiwa.

Kawun ya durƙusa da tabua a hannu, igiyar da ke jikinsa a ɗaya hannun, ya fara jawabi. Kun san jawabin dattawanmu, sai da ya faro daga jirgin ruwan kakanni. Ni dai hannun Saki nake kallo, Nana ma shi take kallo. Ƙuda ya sauka a bayan hannun, ya yi yawo, ya tashi. Aka dama yangona, aka zaga da ƙoƙo, ya tafa, ya karɓa, ya shanye, ya tafa sau uku, ya mayar da hannuwan daidai inda suke. Awa biyu da rabi. Mutumin da na sani ko a coci ƙafarsa ba ta daina rawa kamar yana jiran a busa usur, ya zauna kamar an dasa shi.

Dasa, wannan kalmar ce ta zo mini a rai.

Tata ya dubi Nana. Nana ta sunkuyar da kai kaɗan. Tata ya miƙa hannu ya karɓi tabua, ya sumbace shi, ɗakin ya ɗauki tafi mai zurfi. Mata suka fara shewa a kicin, Vasemaca ta rungume ni har furen ya faɗi. Nana da kanta ta zuba wa Saki kan kifi a faranti, ta ce, "Ci, ɗana, ka rame."

Ana tsakiyar ci na neme shi na rasa. Farantinsa na nan bai taɓa ba, wayarsa a gefen tabarma tana ta haske, sunan kocinsa ne a jiki, kira na huɗu.

Na ɗauki wayar na zagaya bayan kicin.

Yana tsakanin tanki da lemun tsami. Bai taɓa shigowa wannan lungun ba a rayuwarsa, gidan ma sau biyu ya taɓa zuwa. Ya juya wa kwakwar baya, taku biyar a gabanta, ƙafafu a buɗe, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannuwa a sake a gefe. Duk wanda ya taɓa ganinsa a fili ya san wannan tsayuwar. Wata kaza ta nufo wajen, ya gusa hagu kaɗan ba tare da ya kalle ta ba, ta canza hanya.

"Saki, koci na nemanka."

"Na sani."

"Ba za ka ɗauka ba? Wasan kusa da ƙarshe fa ranar Asabar mai zuwa."

"Jiya a filin jirgi wasu yara na buga ƙwallo, ta gangaro ta taɓa ƙafata." Muryarsa a kwance, ba fushi. "Na tsaya ina kallonta, Una. Kamar kabewa. Ban ji komai ba. Tun ina ɗan shekara huɗu ban taɓa ganin ƙwallo ƙafata ba ta yi ƙaiƙayi ba."

"Gajiya ce. In ka koma..."

"Ba inda za ni. Na buɗe jakata da safe na ga takalman ƙwallona, na rasa na wane ne." Ya yi ɗan murmushi, irin wanda na shekara bakwai ina jira in gani ba ta cikin gilashin waya ba. "Daɗi nake ji a nan. Ban taɓa jin daɗin wuri haka ba. Shi ne abin da ke ba ni tsoro."

Daga cikin gida an fara kiɗa, ana kiran sunayenmu mu zo a yi rawa. Wayar ta sake haske a hannuna. Na buɗe baki in ce masa mu shiga, sai ya juyo ya dube ni sosai, karon farko a ranar. Idonsa garau, ba hazo ko kaɗan.

"Kin daɗe a mararraba," ya ce. "Na ji lokacin da kika tsaya. Filin makaranta na hannun damanki, ba kowa a ciki."

Ban faɗa wa kowa ba. Ko Bubu ban ce mata na tsaya ba.

"Me ya sa kika wuce shi, Una?"

Ina da amsa biyu, ku kun san su duka. Ta farkon tana bakina a shirye, mai kyau, wadda zai rungume ni a kanta. Na dubi ɗinkin girarsa, na dubi ganye biyun da ke leƙowa ta bayan ƙafarsa.

Na ce, "Don kaina na yi."

Ya gyaɗa kai a hankali. Bai matso ba, bai kuma tafi ba. Ya miƙo hannu, na ɗauka nawa yake so, ashe wayar ce. Ya karɓa, ya kashe ta, ya sa a aljihu.

"Shiga ki yi rawa," ya ce. "Ni zan tsaya nan tukuna."

Yau kwana biyar ke nan. Jirgin Litinin ya tashi ba shi. Tabua na rataye a bangon ɗakin Tata, Nana na ta lissafa waɗanda za a gayyata, tana yabon surukinta mai natsuwa. Kullum da safe in na buɗe tagata yana nan, ya zuba wa kwakwar ruwa, ya ce mini ina kwana cikin ladabi kamar baƙuwa. Sandar tonon kuwa tana jingine a jikin tanki inda na bar ta. Jiya na ga an goge mata laka, an fiƙe bakinta, an juyo da mariƙinta wajen tagata, kamar ana jiran in ɗauka in tono abin da na binne.